Gorunan Kawu a Tafki

Tun ina saurayi nake bin Kawu, ƙanen mahaifiyata, harbin kirinjijiya a wani tafki da ke tsakanin ƙauyenmu da dajin Rugu, a ƙasar Batsari. Ba yunwa ke kai mu ba. Kawu manomi ne mai rumbuna, ni kuma ina koyarwa a Safana. Sha'awa ce kawai. Da damina ta ja baya, agwagin ruwan nan suka sauko suna fito, sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi, Asabar ta same ni a gida.

A da, in aka ji bindigar Kawu da safe, mata kan ce a ɗora tukunya. Yanzu in aka ji bindiga, goya yara ake yi. Dattawa suka zo har zaure suka roƙe shi ya rataye ta, ya kuwa rataye. Abokan harbinsa duk sun watse, wasu sun shiga sa-kai, wasu sun koma Katsina. Samari kuwa in ka yi musu zancen tafki sai su dube ka kamar ka zautu. Abin na ba ni haushi, amma ban ga laifinsu ba.

Kawu akwai taurin kai. Ya ce ai kafin bindiga da gora ubansa ke kamu. Ana zuba manyan goruna a tafki su yi ta yawo har agwagi su saba da su. Sai mutum ya kifa wani goran a kansa, mai hudar ido, ya shiga ruwa iya wuya, ya matsa a hankali, ya kamo ƙafar agwagwa ta ƙasa ya ja ta ciki. Ba ƙara, ba hayaƙi.

"Kawu, shekarunka sun wuce shiga ruwan sanyi," na ce masa.

"Kai da alli ya cinye wa hannu, zauna a gaɓa ka riƙe mini buhu."

Ranar da abin ya faru hantsi ya ɗaga. Ina kwance cikin doguwar ciyawa, shi kuma ya kai tsakiyar ruwa. Goransa na da tabon ɗinki a gefe, da shi nake gane shi cikin sauran. Sai agwagin suka tashi gaba ɗaya, alhali ba shaho, ba kowa. Can sai na ji kukan babura.

Daga daji mahayan suka fito, kowa da bindiga a kafaɗa. Suka tsaya a ɗaya gaɓar, suka sha ruwa, suka wanke fuska. Yawancinsu ba su wuce sa'ar yaran da na koyar ba. Ɗaya ya hango gorunan, ya nuna wa ɗan'uwansa, suka yi dariya. Ya saita, ya harba, gora ya tarwatse. Suka yi shewa, wani ya ce shi ma bari ya gwada hannunsa.

Wasa suke yi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. In na yi magana na kashe mu duka, in na yi shiru ina kallo ana bin gorunan ɗaya bayan ɗaya. Na cusa baki cikin ƙasa ina ta Innalillahi. Goran mai ɗinki bai yi sauri ba, bai tsaya ba, iska na tura shi yana tafiya kamar sauran. Goran da ke kusa da shi ya fashe, ɓaraguzai suka zubo masa.

Babbansu ne ya daka musu tsawa, ya ce su daina ɓarnar harsashi. Suka hau babura suka yi kudu.

Na daɗe ban motsa ba. Can goran ya taho gaɓa, Kawu ya cire shi, leɓɓansa sun yi fari fat. A hannunsa akwai kirinjijiyar da ya kama tun kafin su iso, ta daɗe da mutuwa a ƙarƙashin ruwa. Yatsunsa suka ƙi buɗewa, sai da na ɓamɓare su. Da muka isa gari ba kowa, an ji harbi an gudu, tukwane na kan wuta.

Ba mu sake komawa ba. Sauran gorunan na can. Wani makiyayi ya ce mini agwagi sun cika tafkin, bai taɓa ganin yawansu haka ba, har kan gorunan suke hawa.

Kawu dai bai daina fitowa ƙofar gida da safe yana duban sama ba. Zuwana na ƙarshe na zauna kusa da shi, na ce ko kewar harbi ce.

"Makon jiya daga tafkin daji agwagin suka tashi gaba ɗaya," ya ce. "Yau daga fadamar bayan gari."

"Da hantsi?"

"Da hantsi."

Ya miƙe ya leƙa cikin gida, ya ce wa mahaifiyata, "Yaya, a kira yara su dawo daga rijiya."