Kafin Inji Ya Saki

Baba Direba ya tsufa a bayan sitiyari. A gidan Likita yake aiki, shi ya kai ta makaranta tana yarinya, yau shi ke kai 'ya'yanta. Bai taɓa ko goga mota a bango ba, kuma ba ya gajiya da faɗa.

Abin da ba ya faɗa shi ne yanar da ta fara rufe masa ido. Mutum daga nesa ya koma masa inuwa. Ko matarsa bai gaya wa ba, don ya san ranar da maganar ta fita, ranar zai ajiye makulli, ga ƙanana a gida.

Ana haka Likita ta sayi sabuwar mota, kujeru ko leda ba a cire ba. Bakanike ya ja kunne: kada a matsa mata sai ta cinye kilomita dubu, inji ya saki. Wannan doka ta yi wa Baba daɗi ba kaɗan ba. Ya riƙa rarrafe a gefen titi, masu keke na wuce shi.

"Baba, ko mu sauka mu tura?" in ji babban yaron.

"Jaririya ce, ɗana. Ba a sa jaririya gudu."

Kowa ya yaba da kularsa. Shi kuwa tsoro ne fal cikinsa, domin lambobin da ke gaban sitiyari kullum hawa suke, kuma ba ya iya karanta su. Bai san saura nawa ba.

Wata safiya yana goge gilashi, Likita ta leƙa ta tagar motar, ta duba lambobin.

"Ai ta haura dubu, Baba! Yau ka huta da lallaɓawa. Kai yara wurin kakarsu, ku bi babban titi. Jikinta ya tashi, tana ta kiransu, don Allah ka yi sauri."

Ya ajiye tsumman gogewa.

"To, 'yata," ya ce.

A mahaɗar babban titi ya taka birki. Yana jin gurnanin manyan motoci, amma abin da ke gabansa fari ne kawai, kamar an watsa wa gilashin ruwan sabulu. Na baya suka dame shi da hon.

"Baba, taka ta mu gani!" yaran suka haɗa baki.

Ya ɗaga ƙafa daga birki.