Gawon Rami na Bakwai

Shekara tara ke nan cif da muka kai Illa makwancinsa, kuma bana ne karo na farko da na je gaida iyalinsa hannu rabbana. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa riƙe sandar golf ba, wasu ma suna ganin wasan marasa aikin yi ne. Ba zan yi musu da su ba, matata ma haka take gani. Amma Illa shi ne gwanin ƙasar nan a wasan, ya ɗauki kofi har muka daina ƙirgawa, ni kuma ni ne mutumin nan da ke tsaye gefensa a hotuna yana murmushin wanda ya zo na biyu. Alkawari ɗaya tak na yi masa a duniya, na karya shi, kuma abin da na zo faɗa ke nan.

Illa mutumin Tawa ne, bakanike, yana da garaji a unguwar Gamkale ta Yamai inda yake gyaran manyan motoci. Ni majo ne na asibiti, wato babban ma'aikacin jinya, ɗan Dogondutse, kuma da wannan suna na Majo ya kira ni har ya bar duniya. Ya koyi wasan tun yana saurayi, lokacin da yake ɗaukar wa Turawa jakar sanduna. Ni kuwa wani likita ne ya ja ni ciki, wai don in rage tumbi. Tumbin yana nan. Ran Lahadi yakan tsaya da motarsa a ƙofar majami'a yana jirana, in na fito ya ce, "Majo, in hwaɗuwata ka roƙo, ba a amsa ba. Shigo mu tahi."

Filinmu yana bayan Tondibiya, kan wani tudu mai jar tsakuwa, rami tara ne, kuma wanda ya saba ganin golf a tele zai yi mana dariya. Babu ciyawa ko ta magani. Kowa yana yawo da ɗan guntun tapi, wato darduma, ya shimfiɗa, ya ɗora ƙwallo, ya buga. Inda ramin yake, muna da da'irar yashi da muke kira faifai. Ana cakuɗa yashin da baƙin man da aka juye daga injin mota, don kada iska ta kwashe shi, ƙwallo kuma ya gangara sumul. Man daga garajin Illa yake zuwa, tano-tano, wato duro-duro. Doka ɗaya ce ba ya sassauta wa kowa: kafin ka bar faifai, ka ja katakon nan mai igiya ka share sawunka, na bayanka ya tarar da yashi kamar ba a taɓa taka shi ba. Na ga ranar da ya dawo da wani babban darakta daga bakin motarsa don ya manta, mutumin ya ja katakon yana gumi cikin farar shadda.

Shi ya zana filin da ƙafarsa. Da dattawan ƙauyen suka ba mu aron tudun, mu sauran mun ƙosa a haƙa ramuka cikin mako guda. Illa ya ce a dakata. Damina guda cur ya yi yana zuwa bayan kowane ruwa, da takalmin roba, yana bin inda ruwan ya gangara, yana kafa ƴan duwatsu. Mun yi ta yi masa tsiya, muna cewa ko rijiya zai gina. Ya ci gaba da aikinsa. Bai sare ko kargo ɗaya ba, bai kawo motar baje ƙasa ba. Cewa yake wanda ya daidaita fili don wasa ya yi masa sauƙi, gara ya zauna gida ya yi dara.

Rami na bakwai shi ne abin alfaharinsa. A tsakiyar hanya, daidai inda kowane mai hankali zai so ƙwallonsa ya bi, akwai wani tsohon gawo, faifan kuma yana can gangare, taki arba'in bayansa, cikin rana tsirara. Manomi ya san halin gawo: da damina, lokacin da kowane itace ke kore, shi yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi duhu. Saboda haka ramin biyu ne a cikin ɗaya. Da damina kana iya ratsa ƙwallo ta tsakanin rassa in hannunka ya faɗa. Da rani sai ka zagaya, ka yarda da asarar bugu ɗaya, ko ka yi girman kai ka ce za ka tsallake shi ta sama.

Ni mai girman kai ne. Shekarar da na fi kusa da kofi, na iso na bakwai ina gabansa da bugu ɗaya, ana tsakiyar rani. Na ɗauki babbar sanda. Ƙwallona ya shige cikin ƙaya bai fito ba, har yau ina jin ƙarar. Illa ya zagaya da ƴan bugunsa gajeru kamar tsohuwa mai tsallaka titi, ya ɗauki kofin. A mota na ƙi yi masa magana har muka wuce gada. Can ya ce, "Kai kullum da ni kake hwaɗa, Majo. Ni ban tare maka hanya ba. Iccen ga ya gaya maka wata nawa muke ciki, kai ne ba ka saurara ba." Na ce masa ya ja motarsa ya bar ni da wa'azi. Na yi shekaru ina jin haushin itacen nan, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Duk rani, in gawon ya zubo da ƴaƴa, Illa yakan tsince su ya cika aljihun jakar sanduna, ya kai wa matarsa Hajiya Rabi don tumakinta. Da ciwon hanta ya kwantar da shi, ni nake canja masa ƙarin ruwa. Ana saura kwana uku ya rasu, da hantsi, ya kama hannuna ya ce, "Na bakwai, ka bar shi yadda shike." Na ce to. Ban tambaye shi dalili ba, na ɗauka son abin da ya ƙirƙira ne kawai. Bayan rasuwarsa na gaje shi wajen kai mata ƴaƴan gawon, duk shekara a cikin watan da ya tafi.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce in ya ga Yamai ta yau. Katangu sun matso har gefen rami na biyu, Turawan da ya ɗaukar wa jaka sun watse, matasan da suka shigo ƙungiyarmu ta golf suna auna nisa da salula, ba sa ɗaga kai su dubi iska. Ina jin duk wannan zai jure, shi ba mai kukan zamani ba ne. Zai ma ji daɗin ganin ƴan mata biyu da ke buga ƙwallo fiye da iyayensu. Abin da ba na iya hasashe shi ne fuskarsa in ya tsaya a na bakwai, kuma wannan ba laifin zamani ba ne, nawa ne.

Shekara uku bayan rasuwarsa aka zaɓe ni shugaban ƙungiya. Koke ya yi yawa a kan na bakwai: ya yi wuya, faifan yana cikin rana, tsofaffi suna jiri. Wani ya kawo shawarar a matso da faifan gindin gawon, a samu inuwa, ramin kuma ya gajarta, ba sai an zagaya ba. Na ce a kaɗa ƙuri'a, na kuma san inda ƙuri'ar za ta faɗa. Na gaya wa kaina cewa ai ba sare itacen za a yi ba, alkawarina yana nan. Ƙarya nake. Ina so ne in ci ramin nan sau ɗaya kafin in mutu. Muka share gindin, muka zuba yashi, muka tuttula baƙin mai, kuma duk bayan damina muka ƙara wani, shekara shida. Kowa ya yaba mini, har aka ajiye benci.

Halin gawon ne ya rufe mana ido. Ganyensa ya fara raguwa, muka ce bara ma haka ya yi. Da damina ya tsaya tsirara, muka ce ai lokacinsa ne. Bara ya ba da ƴaƴan da ba su cika hula ba, sai na bi ta hanyar Saga na tsinto a gindin wani gawon, na kai wa Hajiya ban ce komai ba. Bana ruwa ya ɗauke, duk gawon da ke bakin kogi ya yi kore shar, namu yana tsaye kamar ƙashi. Na jira wata ɗaya, na jira biyu. Daga baya na ɗauko wani ma'aikacin gandun daji, tunda ba a taɓa gawo sai da takardarsu. Ya kankare ɓawon da wuƙa, ya tona gindin da sanda, ya sansana ƙasar, ya dube ni. Ya ce ba zai rantse ba, itacen tsoho ne, amma shi bai taɓa ganin abin da ya rayu a bayan garaji ba.

A ranar na bi filin da ƙafa, rami ɗaya bayan ɗaya, ba sanda ba ƙwallo. Na ga abin da na yi shekara talatin ina takawa ban gani ba. Kowane faifai da Illa ya kafa yana can ƙasa da itatuwa ne, ba a gindinsu ba, a gangare, inda ruwan sama zai wanke man ya yi nesa da saiwa. Abin da ya yi damina guda yana nema ke nan da takalmin roba, muna yi masa dariya. Bakanike ne, ya san man da yake kawo mana. Na ji haushinsa a lokacin, na ce don me bai buɗe baki ya faɗa ba. Amma ya faɗa. Ya ce in bar shi yadda yake, kuma ya ɗauka maganar aboki ta isa.

Shekaranjiya na je gidan Illa. Hajiya Rabi tana zaune a tsakar gida tana tsince zogale, tumakin suna ɗaure a gefe. Muka gaisa, ta tambayi madam da jikoki, ta dubi hannuna.

"Majo, bana gawon bai yi ba?"

Na gaya mata duka, har da na hanyar Saga. Ba ta daina tsinkar ganyen ba.

"Na bara na gane ba nashi ba ne," in ji ta. "Nashi sun hi kauri. Na ce ko ka gaji da duƙawa ne." Sannan ta ce, "Ya bar maka magana a kai?"

"Ya bar mini, Hajiya."

"To."

Na zauna ina jiran ta ce ba komai, kamar yadda ake cewa ko an yi maka ɓarnar da ta fi wannan. Ba ta ce ba. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta raka ni har zaure kamar kullum, ta ce in gaida gida. Na fi shekara arba'in ina faɗa wa mutane mugun labari a bakin ɗakin majinyata, ban taɓa fita daga wani gida da nauyin da na fita da shi ranar ba.

Me ya rage na Illa? Kofunan suna cikin kabad ɗin Hajiya, sun yi tsatsa. Garajin ya zama shagon sayar da taya. Ramuka takwas suna nan yadda ya bar su, itatuwansu da rai, kuma ko yaron da ya fara wasa jiya ba ya barin faifai bai ja katako ba, alhali bai san wanda ya kafa dokar ba. Wannan ba kaɗan ba ne. Na sa an kwashe baƙin yashin daga gindin gawon, an mayar da faifan can gangare inda yake, duk da na san na makara. Ran Asabar masu gatari za su zo, don rassan sun fara faɗowa kan mutane, kuma ni zan sa hannu a takardar.

Jiya da safe na je ni kaɗai. Tsakiyar rani ne, lokacin da ya kamata in zagaya. Na shimfiɗa tapi, na ɗauki babbar sanda, ƙwallon ya ratsa busassun rassan bai taɓa komai ba, ya sauka a bakin rami. Bugun da na yi shekara talatin ina nema ke nan, wanda shi kansa Illa bai taɓa yi da rani ba. Na ɗauke ƙwallon, na ja katako na share sawuna, na mayar da katin lissafin bugu aljihu ban rubuta komai ba. Allah ya jiƙanka, Illa. Na bakwai har yanzu naka ne.