Gyambon Baba da Tiyon da Ke Ƙafata

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sada Dresa na Ƙofar Sauri, kuma bana na kasa tuna shi cikin natsuwa. Ina wannan rubutu ne da tiyo a ƙafata.

Baba ya yi aikin wankin ciwo a asibiti har ya yi ritaya. Daga baya ciwon suga ya kama shi. Ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa bai ji ba, wurin ya zama gyambo. Lokacin soja na shirin komawa bariki, gari ya cika da fastoci da hayaniyar kamfen, mu kuwa muna ɗaki da auduga da ruwan gishiri da zuma. Ni nake wankewa safe da yamma, yana ba ni umarni. Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, wata nas 'yar Kudancin Kaduna, takan leƙo in ta taso aiki.

Likita ya ce a yanke ƙafar, Baba ya ƙi. Maman Rifkatu har durƙusawa ta yi tana roƙonsa. Ya ce, "Ki bar mani ƙafata. Na warkar da waɗanda suka fi wannan muni." Ni ban ce uffan ba, kuma shirun nan har yau yana cina. Ya sa an kai shi ya jefa ƙuri'a, amma bai ga rantsar da gwamnatin ba.

Yanzu ni ce da sugan, da ciwo a dunduniya da ya ƙi rufewa wata huɗu. Likitana ya kankare mataccen naman, ya cusa wani soso a ramin, ya rufe da leda mai mannewa yadda iska ba za ta shiga ba. Tiyon na tafiya daga ledar zuwa wata 'yar na'ura da ke zuƙe ruwan ciwon ba hutawa. Sai bayan kwana biyu ko uku ake buɗewa. Naman ya fara ja, ramin na cikowa.

Na tambaye shi ko da a ce akwai wannan abu a lokacin, da ya ceci Baba. Ya ce, "Hajiya, ban ga ƙafarsa ba. Ba kowane ciwo yake karɓa ba." Tun ranar nake juya maganar, na kasa ajiye ta.

Me Baba zai ce? Na san ba zai yarda a rufe ciwo kwana uku bai gani ba. Zai tambaya in an ɗauke wuta ya ake yi, kuma mutum nawa ne a unguwarmu za su samu. In ya gama ƙorafi, ina jin kujera zai jawo ya ce a koya masa. Ko kuwa zai ƙi? Ban sani ba.

Taurin kansa dai ban ɗauka ba. Na faɗa wa 'ya'yana duk abin da likita ya ce a yi, a yi. Abin da Baba ya bar mini a hannu yake. Shekaranjiya a asibiti da wata nas ta buɗe ledar, sai na kai bayan hannuna kan fatar gefen ciwon ina jin ɗuminta, na gwada da ɗaya ƙafar, kamar yadda Baba yake yi. Ta tambayi dalili, na nuna mata. Ina shirin fita na hango ta sunkuye kan tsohuwar da ke gadon kusa, bayan hannunta a kan ƙafar matar. Ko sunansa ba ta sani ba. Allah Ya jiƙan Baba.