Motar Baba Mai Kwana a Sabon Gari

Ina tsaye bayan Baba da kayan makaranta, kunya kamar in nutse, mai unguwarmu na Fagge yana auna bakin lungu da ƙafa.

"Alhaji, ban yarda ka ajiye ta nan ba. In aka yi rasuwa, ta ina makara za ta wuce?"

Sabuwar motar Baba ke nan, zamanin Turawa. Dole ta koma kwana a ƙofar amininsa, Okoro tela, a Sabon Gari inda titi ke da faɗi. Kullum da safe sai Baba ya hau keke ya je ɗauko ta.

Inna takan ce, "Alhaji, a gaishe min da masu motar."

Har aka sayar da ita, "motar Okoro" maƙwabta ke ce mata.

Masu mota, taku dai a gida take kwana ko?