Kyanwoyin Layin Masu Hatsi

Na fi shekara ashirin ina sayar da hatsi a kasuwa a Minna, kuma ban taɓa zama a shago babu kyanwa ba. Duk mai tara buhunan dawa da gero ya san dalili. A layinmu kusan kowane shago da tasa, sai dai ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Mu jefa musu kan kifi, shi ke nan. In ta yi ciwo, ko ta warke da kanta ko ta mutu a samo wata.

Abin da ke damuna shi ne haihuwarsu. Tawa, wata fara mai baƙar wutsiya, takan haihu sau biyu, wani lokaci sau uku a shekara. Tun ina raba 'ya'yan ga maƙwabta a Limawa, inda nake zaune, har aka gaji da karɓa. Daga baya sai in zuba su a kwali in ba mai keke ya kai su bayan gari ya ajiye. Uwar ta yi kwanaki tana zagaya buhuna tana kuka. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin yana cina.

Wata rana da hantsi wata matashiya ta zo sayen geron kunu. Ina auna mata sai na ga ta tsuguna tana duba kunnen kyanwar.

"Mama, wannan tana da ƙuma, kuma da alama akwai tsutsa a cikinta," in ji ta.

Na ce, "Ke kuwa 'yar nan, yaya aka yi kika sani?"

Ashe likitar dabbobi ce, Banufiya, iyayenta daga Bida suka zo suka zauna a nan. Ta ce gwamnati ta ba asibitinsu tallafi na musamman don lafiyar karnuka da kyanwoyi: allurar rigakafin haukan kare, maganin tsutsa, da aikin tsayar da haihuwa, duk kyauta.

Dariya na yi har na ajiye mudu. Na ce, "Mutane na nan ba su samu magani ba, sai mage?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Gaskiyarki, Mama. Amma kare ɗaya in aka yi masa allura, yaran unguwa guda aka tsare. Damuwata ita ce wata biyu ke nan ba mai zuwa sai masu manyan gidaje da karnukansu na ƙasar waje. In aka ga ba a amfana, wani gari za a kai shirin."

Ni dai maganar tsayar da haihuwar ce ta tsaya mini a rai. Na tambaye ta ko kyanwar za ta wahala. Ta ce barci za a sa ta, kwana kaɗan ta warke.

Da aka yi taron ƙungiyarmu ta masu hatsi na ɗaga hannu na kawo maganar. Shugaba ya gyara hula ya ce, "Hajiya, yanzu magen ma layin asibiti za ta bi?" Wuri ya ɓarke da dariya. Na zauna, kunya ta rufe ni.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne manomi daga Chanchaga, Kirista, da ya daɗe yana kawo mana masara. Kowa Baba yake ce masa. Ba ɗan ƙungiya ba ne, kaya ya sauke yana hutawa a bakin rumfa. Ya miƙe ya ce, da irin Hausarsa, "Ku dena dariya. Bara karena ya yi hauka, ni da hannuna na kashe shi, kare da ya tsare gonana shekara bakwai. Ni zan kawo nawa guda uku. Wanda bai so, ya zauna." Mata huɗu suka ce suna tare da ni.

Na je asibitin da kaina na roƙi likitar ta zo kasuwa ta yi allurar, tunda mutanenmu ba sa barin shago. Ta ce za ta nemi izini, kuma ta samu.

Sai ga matsalar da ba mu yi tunani ba: yaya za a ɗauko kyanwa? Na gwada tawa a buhu. Ta yage shi, ta yakushe mini hannu, ta haye saman rufin shago ta wuni a can tana hararata. Washegari ina wucewa ta layin masu kaji sai na tsaya ina kallon kejinansu na waya. Na ari guda goma. Suka ba ni, suna tsokanata wai in kyanwa ta saba da ƙamshin kaji ni zan amsa. Muka wanke su tas, muka shimfiɗa tsumma, muka sa ɗan busasshen kifi a ciki. Kyanwa da kanta take shiga, sai dai ka ja ƙofa.

Ranar da aka sa, likita ta zo da teburi da kula cike da ƙanƙara da allurai, ta kafa a ƙarƙashin wani mangwaro a bayan kasuwa. Na zaci mu biyar ne da Baba. Ashe shi ya yi shela a cocinsu da cikin manoman bakin kogi. Kafin rana ta ɗaga sai ga maza da mata da karnuka ɗaure da igiya, wasu a cikin keke. Mutanen layinmu kuma, da suka ga taro, sai kowa ya fara aiko wa a ara masa keji. Muka raba layi biyu, karnuka can, kyanwoyi nan. Haushi da kuka kamar za a tsaga kunne.

Ni tun ina ƙarama tsoron kare nake ji. Amma likita ta rasa mai rubuta kati, ni kuwa na gama firamare, rubutuna mai kyau ne. Haka na zauna a gefen teburi, karnuka na shinshinar bakin zanena, ina rubuta kalar dabba da unguwar mai ita. Baba na tsaye kusa da ni yana cewa, "Hajiya, kar ka ji tsoro, wannan ba ya cizo." Kafin azahar na daina ɗauke ƙafa.

Muna cikin haka wata farar mota ta tsaya. Wani babban ma'aikaci ne daga ma'aikatar da ke kula da shirin, ya zo ba sanarwa ya ga yadda shirin ke tafiya. Ya tsaya yana kallon layin, da kejin kaji cike da kyanwoyi, ya tambayi wa ya tara jama'a haka. Likita ta nuna ni da biro.

Ya ce, "Hajiya, sannu da ƙoƙari. Me kike so mu ƙara?"

Na goge hannu a zane na ce, "Ranka ya daɗe, kada ya zama yau kaɗai. Kuma mutanen ƙauye sun fi mu karnuka, a kai musu." Ya ciro ɗan littafi ya rubuta. A rayuwata ban taɓa faɗin magana ma'aikacin gwamnati ya rubuta ba sai ranar. Da na koma gida na ba maigida labari sau biyu, bai ma katse ni ba.

Mako na gaba na kai tawa asibiti aka yi mata aikin. Ta dawo da ciki a aske da ɗinki ɗan ƙarami, tana tafiya tana layi. Mazan layi suka ce na kashe mata zuciya, ba za ta sake kama ɓera ba. Ni kaina ma ina shakka. Ana cikin mako na uku na buɗe shago da safe na tarar ta ajiye mini wani ƙaton ɓera a bakin ƙofa. Na ɗaga shi da tsinke na bi layi da shi shago shago.

Bayan damina aka sabunta tallafin, aka ce a fita da shi wajen gari. Likita ta zo ta ce za su Kagara ranar kasuwa, tana so in bi su in yi wa mata bayani, don sun fi jin maganar 'yar kasuwa irinsu. Na sa atamfata ta fita biki. A can aka miƙo mini lasifika, abin da ban taɓa riƙewa ba. Na yi wa jama'a sallama. Na faɗa musu yadda ake sa kifi a keji, da yadda ɗinkin ke warkewa. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta ja ni gefe ta tambaya ko ni ma likita ce. Na ce a'a, hatsi nake sayarwa a Minna. Ta ƙulla mini ƙuli a leda ta ce in ci a hanya. Muka kamo hanya, muka iso gida kafin la'asar.