Ranar da na zauna kan wayar jikata

Hannun Zainabu yana kan ƙafar amarya, baƙin lalle na bin diddige siriri kamar zare, sai wayarta ta hau ƙara.

Jikata ce, kuma wannan ne babban aikinta na farko: 'yar wani ɗan kasuwa a garin Hajj Abdalla. Uwar amarya na tsaye a kanta, hannu a ƙugu. Ta riga ta kori mai lalle ɗaya saboda layi ya karkace. Kun san baƙin lalle, in ya zauna ya zauna, ba a goge shi.

Na ga idon yarinyar ya koma kan wayar. Wuf na ɗauke ta, na sa ƙarƙashina, na zauna.

Ta ce a hankali, "Habboba, kakata, don Allah, ƙila wata ce ke neman aiki."

Na ce, "Ga aiki a hannunki, 'yar nan. In kika ɓata ƙafar nan, wayar ma sai ta daina kuka."

Wallahi wayar tana ta girgiza ni kamar ina cikin raksha, keken haya mai ƙafa uku, ban motsa ba har aka gama.

Uwar amarya ta sunkuya ta daɗe tana dubawa. Can ta ce, "Ƙanwarta ma ke za ki yi wa."

Wadda ta kira kuwa? Ta sake kira da la'asar, muka sa ta a layi.

Ku faɗa min, ku wa ke zaune muku kan waya?