Tsatsar da Na Wanke

Ni dai ban taɓa ganin jirgin ƙasa da idona ba. A Matameye aka haife ni, nan na yi aure, iyakar tafiyata Damagaram, ita ma jinya ce ta kai ni. Amma taragu goma sha ɗaya ne jere a zaurenmu, kuma na san abin da kowanne ke ɗauka.

Maigidana ya yi shekaru yana cin rani a Kano, yana dako inda ake loda wa jirgi kaya. Da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi, sai ya dawo gida ya zauna. Ƙafa ta saki, hannu ya ɗan dawo, magana ce ta ƙi. Lokotoron asibiti ya ce harshen lafiyarsa lau, mutumin ne ya rufe. Wata bakwai ina zuba surutu ni kaɗai, in yi tambaya in ba kaina amsa, shi kuwa sai kallon bango.

Wata rana ya tsinci gwangwanin tumatir da na yar, ya yanka da almakashi, ya bubbuga ya miƙar. Daga nan abin ya fara. Gwangwanin madara ya zama jikin tarago, marfin kwalba ƙafafu, wayar keke ta riƙe su, har da ƙofa mai zamewa. Fenti kuwa da gashin kaza yake shafawa. In na kai masa abinci zaure sai ya tsayar da ni: wannan na gyaɗa ne, wannan na shanu, wannan na siminti, shi ya taɓa murƙushe masa yatsa. Magana ta dawo ta ƙofar gwangwani. Har na koma sayen tumatirin gwangwani ko da ɗanye ya yi araha a kasuwa.

Abu ɗaya ke ci mini rai. Taragun nan duk sun yi dauɗa, ja-ja da baƙi-baƙi ya zubo a jikinsu. Na ɗauka rawar hannunsa ce ke ɓata fentin, sai na yi shiru don kada ya ji kunya.

Ana nan sai ya aika wa taubashinsa na Dawce, wanda suka yi dakon tare, ya zo ya gani. Tun da ya kwanta bai taɓa neman kowa ba. Ran da baƙon zai zo, ya dogara sanda ya tafi wurin wanzami, ya ce daga can zai wuce tasha ya taro shi. Ni kuwa na tashi da toka da soso. Kowa a unguwa ya san ni da wankin tukunya, har maƙwabciyata nake wa dariya kan nata da suka yi baƙi ƙirin. Na wanke kwanuka, na goge butar shayinsa har tana ɗaukar ido, sannan na ce taubashin nan mai baki ba zai zo ya yi wa mijina dariya ba. Na kwaso taragun a faranti.

Bakwai na wanke. Suna fita fes, ina jin daɗi. Da na ɗauki na takwas sai na kai shi kusa da ido. Jan nan ashe ƙarƙashin kowace ƙusa ya fara, ya gangaro siriri, kamar inda ruwan sama ya bi. Na juya ɗaya gefen, haka. Baƙin kuma a rufi ya fi yawa, inda hayaƙi zai sauka. Hannu mai rawa ba ya yin wannan. Da gangan aka yi, ɗigo bayan ɗigo.

Na ɗebo ƙasa na jiƙa na shafa wa ɗaya, ya zama kamar an jefa shi a kwata. Na sake wankewa, fentin ma ya fara tashi. Ba faɗa nake tsoro ba, da ma zai yi faɗan. Tsorona kada ya koma kallon bango.

Na mayar da su zaure, na tsaya bayan ƙyaure. Na ji sandarsa tun daga kwanar lungu, na ji dariyar baƙon, na ji sun yi sallama sun shiga. Sai sandar ta tsaya. Shirun nan na san shi, wata bakwai na zauna da shi.

Baƙon ne ya fara magana. Ya ce kai taubashi, ashe a Makka ka yi dako ban sani ba, ina ka ga tarago mai wanka? Na fito na durƙusa a bakin ƙofa.

"Ni ce, Malam. Na zaci dauɗa ce."

Bai dube ni ba. Ya ɗauki na simintin yana juya shi, babban yatsansa na bin inda tsatsar take dā. Baƙon ya miƙa hannu ga ɗaya daga cikin huɗun da suka tsira, ya ce wannan ma ai ba daidai ba ne, tsatsar ƙofa daga sama take farawa.

"Daga ƙasa," in ji maigidana, a hankali. "Inda fitsarin shanu ke taruwa. Kai da kullum kana gindin bishiya kana barci, ina ka sani?"

Suka kaure da gardama. Ina nan durƙushe har ƙafata ta yi tsami. Can ya juyo ya ce in kawo ƙaro da jar ƙasa, da butar shayi, don a gindinta yake kankaro baƙin. Na ce ita ma na goge ta. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaya ko akwai tukunya ɗaya mai baƙi a gidan nan. Babu.

Haka na yafa gyale na shiga gidan maƙwabciyata aron tukunya. Ta tambaye ni wacce, na ce wadda ta fi baƙi. Har yau ba ta bar ni na huta ba. Tun daga ranar akwai ƙaramar tukunya a bayan murhuna da toka ba ta taɓa ta, kuma in baƙuwa ta ƙura mata ido, sai in ce ta Malam ce.